Launin Fuskar Malam Rufus

Wanda duk ya zauna birnin Zariya a shekarun da kwamfuta ta fara shigowa ya san Malam Ja'afaru mai buga takardu, ko da bai san sunansa ba. Wani dogon dattijo ne siriri, mai ɗan shago kusa da Babban Dodo, wanda farcensa bai taɓa rabuwa da tawada ba. Ba shi da yawan magana, amma yana da tsaki. Idan ka kawo masa katin bikin da aka buga a wani wuri, kafin ka gama sallama ya gaya maka cewa jan ya yi yawa, kuma ba tambayarsa ka yi ba.

A unguwar Kwarbai aka haife shi, a gidan karatu. Mahaifinsa marubucin Alƙur'ani ne, mai dafa tawadarsa da kansa, mai zayyana da ja da rawaya a gefen shafi. 'Yan'uwan Ja'afaru sun bi layin gida: wannan ya zama alƙali, wancan malamin makaranta, ƙaramin ma ya shiga aikin gwamnati har ya yi tumbi. Shi kuwa tun yana ƙarami tukunyar tawada ce ta ɗauke masa hankali. Ana ba shi karatu, idonsa na kan ƙaro da ake jiƙawa. Da uban ya ga abin ya ƙi, sai ya haƙura ya kai shi wata maɗaba'a a Tudun Wada, ya ce tunda tawada yake so, ga ta nan har ta ishe shi.

Ba ta ishe shi ba. Aikinsa a can shi ne haɗa launi. Yana da wani faffaɗan gilashi da wuƙa marar kaifi, ya ɗebo ja daga wannan gwangwani, shuɗi daga wancan, ya yi ta murzawa har sai abin ya kwanta masa a rai, sannan a shafa wa inji. A wurin nan ya koyi abin da ya riƙe a matsayin gaskiya har tsufansa: launi a cikin gwangwani yake, daga nan ya shiga inji, daga inji ya hau takarda. Babu wani wurin da yake zama bayan waɗannan.

A nan kuma ya haɗu da Rufus, mai jera baƙaƙen dalma. Rufus ɗan Wusasa ne, Kirista, gajere kakkaura, baƙi mai sheƙi, mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Kullum a keke yake zuwa, ya shigo ta Ƙofar Kuyambana ya ratsa birni, ya ɗauki Ja'afaru a baya su wuce. Rufus na kiransa Sarkin Marina, shi kuma yana ce masa ɗan mishan. Da Babbar Sallah Rufus ne ke fara zama gaban tukuba a Kwarbai. Da Kirsimeti kuwa sai ya ɗauro kaji a keke ya kawo wa Ja'afaru ya yanka da hannunsa, don kada gobe Ethel, matar Rufus, ta aiko da abinci a tsaya ana kallon kwano. Haka suka yi aure kusan lokaci guda, suka haifi 'ya'ya, furfura ta fito musu tare, sai dai ta Rufus ta riga.

Da takarda ta yi tsada a ƙasar nan, maɗaba'ar ta mutu. Sai suka haɗa kai suka kama shagon Babban Dodo, da wani ƙaramin injin hannu, suna buga katin suna da na aure da rasit. Suna nan suna lallaɓawa, sai Hilda, babbar 'yar Rufus da ke aiki a Kaduna, ta kawo musu wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, da firinta mai launi, da na'urar ɗaukar hoto zuwa cikin kwamfuta. Rufus ya rungumi abin kamar sabon jika. Ja'afaru ya zagaya ta, ya leƙa bayanta, ya yi tsaki, ya ce shi bai ga inda ake zuba tawada ba.

Aikin launi na farko da suka samu shi ne kalandar wata Islamiyya, da hoton ɗaliban da suka yi sauka. Da takardar ta fito, Ja'afaru ya yi salati. Rigunan sun fito fes, allunan sun fito fes, amma fuskokin yaran sun zama wani irin toka-toka mai ratsin kore, kamar an tono su daga kabari. Duk wanda ya ƙera na'urar nan, a bayyane yake bai yi ta da fuskar mutanen Zazzau a ransa ba.

"Wannan ba za ta fita daga shagon nan ba," in ji Ja'afaru. "Iyayen yaran nan sun san ubana."

"To Sarkin Marina, me ya rage mata?"

"Ja ya yi kaɗan. Shuɗi ya yi yawa. A sa ɗan rawaya, amma kaɗan, kamar gishiri."

Rufus ya shiga wani lungu na kwamfutar da shi kaɗai ya san hanyarsa, ya matsa wannan, ya ja wancan, aka sake bugawa. Haka suka shafe watanni. Ja'afaru ne ido, Rufus ne hannu. Su buga, su fita da takardar waje don hasken shago maƙaryaci ne, su tare mai shayi ko mai yankan farce su kara hoton kusa da kumatunsa, mutum na tambayar lafiya suna ce masa ya tsaya kawai. Duk haɗin da ya yi daidai, Rufus sai ya adana shi ya sa masa suna. Akwai Baƙi, akwai Wankan Tarwaɗa, akwai Farin Bafillace, akwai Koren Islamiyya. Idan za a buga abu, sunayen sukan fito a jere a allon kwamfutar, a zaɓi wanda ake so. Iyakar abin da Ja'afaru ya yarda ya koya ke nan: ya zaɓi suna, ya danna.

Da wannan suka yi suna. Daga Gyallesu, daga unguwar Kongo, har daga Samaru mutane ke zuwa, ana cewa a shagon Babban Dodo ne kawai amarya ke fitowa da fuskarta ta gida. Ja'afaru ya fara shafa kan kwamfutar da gefen rigarsa da safe, ko da yake idan an kama shi sai ya ce ƙura yake gogewa.

Sai ciwo ya kama Rufus. Hanta ce, in ji likitoci. Aka kwantar da shi asibiti, aka sallamo shi, ya koma gida Wusasa yana jinya. Da farko Ja'afaru ba ya tsallake rana. Yana rufe shago bayan La'asar zai hau acaɓa ya tafi, ya zauna a bakin gado ya ba shi labarin kasuwa. Kuma kullum, kafin ma a gama gaisawa, tambayar Rufus ɗaya ce, ta kwamfutarsa.

"Yaya mutuniyar?"

"Tana nan lafiya, ta fi ka ƙarfi."

"Kada ka bar kowa ya taɓa min ita, Malam Ja'afaru. Ko Bature ne ya zo, ka ce ya jira ni."

To amma aiki ba ya jiran mai jinya. Ɗaliban jami'a na Kongo suka fara kawo aikinsu a faifai, a sa a kwamfuta ta ƙi buɗewa. Yau mutum ɗaya ya juya, gobe biyu. Akwai wani Mamman mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, mutumin kirki, mai iyali, wanda ke kawo musu tawada. Shi ya duba ya ce tsarin da ke cikinta ya tsufa, kowa ya koma sabo, sai an sauke tsohon an ɗora mata na yanzu. Ja'afaru ya yi ta juya maganar. Ya tuna kashedin Rufus, ya kuma tuna cewa daga shagon nan ake sayen maganin Rufus ɗin. A ƙarshe ya ce a yi. Har ya ji wani ɗan daɗi a ransa, yana cewa ɗan mishan zai dawo ya tarar da ita ta zama budurwa.

Mamman bai yi gaggawa ba, a ba shi haƙƙinsa. Kafin ya fara sai da ya tambaya.

"Baba, duk abin da ke ciki zai goge. Akwai abin da kuke so a kwashe?"

Ja'afaru ya zauna ya nuna masa komai: katunan aure, kalandu, hotunan mutane, takardar shaidar makarantu. Aka kwashe su tsaf a faifai.

"Shi ke nan, Baba? Babu saura?"

"Babu saura."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ko kusa bai kawo launi a lissafi ba. Me zai kai launi cikin wannan akwatin? Launi ai yana cikin firinta, inda tawada take, kuma firinta babu mai taɓa ta. A ganinsa Rufus ya hore ta ne kamar yadda ake horon doki, abin ya zauna a jikinta. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a gaban gwangwani da gilashi, haka zai ɗauka.

Washegari wata mata ta kawo hoton jaririnta za a yi katin suna. Ja'afaru ya je zaɓen Wankan Tarwaɗa, ya tarar babu. Babu Baƙi, babu Farin Bafillace, babu Koren Islamiyya. Wasu sunaye ne na Turanci a jere, waɗanda bai taɓa gani ba. Ya zaɓi na farko ya danna. Jaririn ya fito da fuskar nan ta toka mai ratsin kore. Ya ninke takardar da sauri kafin uwar ta gani, ya ce ta dawo jibi.

Ya fara da abin da ya sani. Ya cire tawadar ya sa sabuwa, haka. Ya goge bakin da ke fesa ta da auduga, haka. Ya canza takarda mai sheƙi, ya koma marar sheƙi, ya kashe ya kunna, ya zare waya ya mayar. Har ya zargi janareto, ya jira aka kawo wuta ya sake gwadawa. Fuskar ba ta canza ba. Sai ya aika aka kira Mamman.

Mamman ya zauna ya bincika lungu-lungu, ya sa faifan da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya, ya sake ɗora wa kwamfutar abin da ke sa ta gane firinta. Can ya jingina da kujera.

"Baba, sunayen nan a cikin tsohon tsarin suke zaune. Sun tafi tare da shi."

"A dawo da tsohon mana."

"Ko an dawo da shi, fanko zai dawo. Sai dai in Baba Rufus ya kwafe su a wani wuri. Shi za a tambaya. Ko kuma ya gaya mana yadda ya haɗa, a sake."

Shi za a tambaya. Daga Babban Dodo zuwa Wusasa ba wata tafiya ba ce, amma ranar nan Ja'afaru bai je ba. Ya san abin da zai tarar: kafin ya zauna za a ce masa yaya mutuniyar. Ƙarya ba ya iya ta, fuskarsa ke tona shi. Gaskiya kuma ta fi ƙarfin bakinsa. Ya dubi mutum a kwance, wanda ya roƙe shi abu ɗaya tak, ya ce masa aikin watannin nan na goge shi da bakina? Sai ya ce wa kansa bari ya gyara tukuna, in ya so ya je da labarin a matsayin abin dariya.

Mu mutanen birni muna da wata kunya da muke ɗauka ado ce, alhali wani lokaci mugunta ce tsagwaronta. Ita ta riƙe Ja'afaru. Mamman ya nuna masa lungun da ake ƙara ja a rage shuɗi, ya duƙufa. Idonsa ya san abin da ya rage sarai, amma hannun ba nasa ba ne. In ya ƙara ja, farar riga ta koma ruwan hoda. In ya rage shuɗi, fuska ta zama lemo. Ya gyara goshi, wuya ya lalace. Kwandon shara ya cika da fuskokin bayin Allah kala-kala.

Ya riƙa tura matarsa Mairo dubiya da kunun gyaɗa, ya ce ta ce aiki ne ya yi yawa. Ta dawo ta ce, "Malam, jikin nan fa ba daɗi. Ka je." Ya ce gobe. Wata Laraba har ya hau acaɓa, suka kai Ƙofar Kuyambana, ya hango hanyar Wusasa, ya taɓa kafaɗar mai babur ya ce su juya, ya yi mantuwa. Goben nan ta yi ta haihuwar wata goben har makonni suka shige.

Wata rana da hantsi Hilda ta shigo shagon. Bai buƙaci ta yi magana ba, ɗaurin ɗankwalinta da idonta sun isa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, Babanmu ya tafi da asuba." Ja'afaru ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan kwalin takarda. Ya yi ta maimaita innalillahi, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Da ya ɗan natsu, ta ciro hoto daga jakarta. Rufus ne ranar aurenta, cikin farar babbar riga da hula zanna, yana dariyar nan tasa, fatarsa na sheƙi. Mutanen Wusasa ba sa binnewa a ranar, sukan jira dangi su taru, kuma sukan buga ɗan littafin jana'iza da waƙoƙin da za a rera a coci, da hoton mamaci a bangon littafin. Asabar za a yi.

"Shi ya ce kai za ka buga, Baba. Ya ce mai launi, kuma kada a kai wa kowa, don kai kaɗai ka san kalarsa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya je Wusasa ya yi ta'aziyya cikin jama'a, a tsakar gida, kansa a ƙasa, ya fito ba tare da ya keɓe da Ethel ba. Ya dawo ya rufe shago ga kowa, ya sa hoton a na'ura, ya buga. Abin da ya fito ya sa ya kife takardar a kan tebur. Rufus ne, amma fuskar ta dushe, ta yi toka-toka, idanun sun yi rawaya, dariyar ta zama kamar ta mai jin zafi.

Kwanakin da suka rage bai yi komai ba sai wannan fuska. Ga ta gaskiya a hannunsa na hagu, ga ta ƙarya na fitowa daga inji a dama. Sau da yawa yakan ji bakinsa ya ce, "Ƙara ja kaɗan," sannan ya tuna babu wanda yake gaya wa. Mamman ya zo ya taya shi yini guda, suka samo wata mai ɗan dama-dama, sai dai ta yi jajir kamar an shafa masa manja. Wata ta yi baƙi har ba a ganin idanu. Babu wadda zai iya kallo ya ce wannan abokinsa ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tattara duk abin da ya buga ya zuba a ambulan, ya tafi Wusasa. Gara Ethel ta zaɓa da kanta. Ya same ta a ɗakin da aka yi jinyar, an naɗe katifa, tana zaune a tabarma da baƙaƙen kaya. Ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Maman Hilda, yaya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam. Shigo mana, yau kuma baƙo ka zama?"

Ya miƙa mata ambulan, ya ce injin ya samu matsala, launin ya ƙi, ga iyakar ƙoƙarinsa. Ta sa tabarau ta fara dubawa. Ta ɗaga mai jan ta ajiye. Ta ɗaga mai baƙin ta ajiye. Tana yi tana girgiza kai a hankali, har ta kai ta ƙarshe, ta farkon nan da ya kife, wadda ya manta bai cire ba. Ya miƙa hannu zai karɓe, ta janye.

Ta daɗe tana kallonta. Sai ta sa yatsa ta shafa kumatun.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Kuskure ne. Ba ta cikin lissafi."

"Haka ya koma," ta ce. "Wallahi haka ya koma. Makonnin nan na ƙarshe wannan fuskar nake wankewa kullum da safe. Har idanun." Ta ɗago kai. "Ai kai ba ka gan shi haka ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Ya kalli inda gadon yake a da, ya kalli fuskar da ya kwana biyu yana gudu, ashe ita ce ke kwance a nan tana jiransa.

"Littafin da za a raba wa mutane ka yi shi fari da baƙi kawai," in ji ta. "Wannan ka bar min."

Ya gyaɗa kai. Ya yunƙura zai tashi, sai abin da ya riƙe shi duk makonnin nan ya fito da kansa.

"Maman Hilda, ya yi ta tambayar kwamfutar ko?"

Ta cire tabarau ta dube shi, da alama ba ta ma gane tambayar ba.

"Wace kwamfuta? Tunda jikin ya yi tsanani ko sau ɗaya bai ambace ta ba. Kai yake tambaya. Da La'asar ta yi sai ya ce a juya shi ya fuskanci ƙofa, a sa kujera kusa da gado, Sarkin Marina na hanya."

Ja'afaru ya koma ya zauna a inda yake, ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ethel ta bar shi ya yi kukansa, ita kuma tana riƙe da takardar a cinyarta.